Kurɓin Rubutun da Ya Hana Ɗana Aikin Yawu

Zuwa ga Mudir, shugaban asibitin da ya sallami ɗana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni leburan gini ne daga Nijar, mazaunin unguwar Manshiya. Tun da kuɗin fetur ya buɗe ayyuka a nan Sabha ta Libiya nake dakon siminti a garin nan, ban taɓa kai kukana wurin kowa ba sai yau.

Na farko. Ɗana Ila ya kai shekara goma sha biyar. Ya sha wuya wajen haihuwa, gaɓoɓinsa suka sanƙare, amma hankalinsa garau. Yawu ne ke dalalo masa ba tsayawa. Haɓarsa ta saluɓe, rigarsa kullum jagab, ƙannensa ma ba sa son haɗa kwano da shi. Yana gani, ranka ya daɗe, kuma abin yana cin ransa.

Na biyu. Baƙon likitan da kuka kawo ya duba shi, ya ce zai yi masa aiki a ƙarƙashin muƙamuƙi, yawun ya ragu. Aka ce ranar aikin kada ya ci, kada ya sha. Mun kiyaye. Sai dai uwarsa ta ba shi kurɓi ɗaya na rubutu. Wace uwa ce za ta miƙa ɗanta ga wuƙa ba addu'a? A wurinmu rubutu ba ruwan sha ba ne, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya ce shi ma an hana. Yaron da ba ya riƙe yawu, ina zai riƙe tawada? Ta gangaro baƙa ƙirin a kan rigar asibiti.

Na uku. A ɗaga aikin, na yarda, likita ya fi ni sani. Amma wani ma'aikacinku ya daka mana tsawa gaban mutane, ya soke sunanmu gaba ɗaya, wai ba ma jin magana. Haba! In ma laifi ne, ai na manya ne. Me Ila ya yi? Ga shi an ce likitan zai koma ƙasarsu bayan Sallah.

Roƙona, a sa masa wata rana kafin tafiyar likitan, a kuma samo mai jin Hausa ya riƙa yi wa irinmu bayani dalla-dalla.

Wallahi har yau na kasa gaya wa yaron nan an soke aikin. Cewa na yi likita ya ce gobe. Kullum da safe sai ya jawo takalmansa da kyar, ya zauna bakin ƙofa yana jirana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a, kada ya jarrabe ka da irin wannan.

Wassalam.
Uban Ila, Manshiya.