Wasiƙun Alcide Daga Lake Charles

20 ga Satumba, 2020

Zuwa ga matata Verna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙirjin naki? Allah ya sa iskar Houston ba ta tayar miki da asma ba. Yaya 'yarmu Odette da maigidanta da yara? Ki ce mata na gode da take riƙe da ke. Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin da nake neman aurenki.

Yau kwanana tara da dawowa gari. Ba zan ɓoye miki ba, guguwar nan Laura ta yi mana aika-aika. Sau biyu ina wuce layinmu ban gane shi ba, don itatuwan da nake gane kwanar da su duk sun kwanta. Gidanmu yana nan tsaye, amma rabin rufin ya tafi, ruwan sama ya jiƙa ɗakinmu da kicin. Babu wuta, ruwan famfo kuwa sai an tafasa. Hotunan aurenmu sun tsira. Keken ɗinkinki bai tsira ba, ki yi haƙuri.

Na hau na ɗaura tamfol shuɗi irin wanda ake rabawa. Baba Cleophas maƙwabcinmu bai gudu ba, wai a bahon wanka ya zauna har ta wuce. Ina kan rufi yana baranda yana min tsiya: "Kai Alcide, shekara arba'in kana yi wa mutane rufi, ashe naka ne zai fara tashi? Kafintan banza!" Na ce, "Baba, naka fa jiya na gan shi a bayan coci." Ya yi dariya har da tari.

Kada ki damu. Da yardar Allah a kicin ɗinki za mu ci Kirsimeti.

Mijinki,
Alcide Fuselier

18 ga Oktoba, 2020

Verna tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Odette da yara. Wasiƙarki ta iso, kuma na ji kin ce kina shan maganinki a kan lokaci. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin dai gani a talabijin. Mako shida kacal tsakani, ga wata kuma, wannan Delta suka raɗa mata. Tamfol ɗin da na ɗaura ta yage shi kamar tsumma, ta kwashe tarkacen da muka tara a bakin titi ta sake watsa mana su a tsakar gida. Aikin wata guda ya tafi a banza. Ruwa ya sake shiga, yanzu fumfuna ta fara cin bangon ɗakinmu. In kika shiga minti biyar, sai dai asibiti.

Mutumin inshora ya zo ya ɗauki hotuna, ya ce sai sun tantance ɓarnar da ta farko ta yi da wadda ta biyu ta yi. Baba Cleophas ya ce masa, "Yaro, ai da ka zo ranar ka tambaye su da kanka."

Maƙwabtanmu iyalan Guillory sun koma Dallas, ba za su dawo ba. Thelma mai shagon burodi ta rufe, ta bi ɗanta. Cikin gidaje goma sha huɗu na layinmu, a biyar ne kawai ake kunna janareta. Katako ya yi wuya, in mota ta kawo kafin rana ta ɗaga ya ƙare.

Maganar Kirsimeti, ki yafe min. Na yi saurin baki.

Naki,
Alcide

11 ga Afrilu, 2021

Masoyiyata Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya kewa? Ki sumbaci jikokina, ki ce wa ƙaramar na ga zanen gidan da ta yi min, har ya fi nawa kyau.

Yau da albishir na zo. Kin san sanyin nan na Fabrairu ya fasa mana bututun ruwa, ya mayar da ni baya. To na gyara. Rufi ya kammala, da hannuna na buga kowace ƙusa. Na ɓamɓare bangon ɗakinmu da na kicin na sa sabo, na shimfiɗa sabon katako a ƙasa, na shafa fenti ruwan ɗorawa irin wanda kika daɗe kina nacin in shafa ina ƙi. Gwiwata ta kumbura, amma ba komai.

Ran Litinin na dafa jan wake da shinkafa a sabon kicin, na kira Baba Cleophas. Ya cinye kwano biyu sannan ya ce, "Wannan ai hukunci ne, ba girki ba. Ka rubuta wa Verna ta dawo kafin ka kashe ni." To ga saƙonsa na isar.

Asibitin unguwa da kike zuwa har yanzu a rufe yake, likitarki ma an ce ta bar gari. Amma akwai wani a can ƙetaren gada, zan riƙa kai ki. Na san Odette ba ta so ki dawo. Ki lallashe ta. Farkon Yuni zan zo in ɗauke ki.

Mijinki mai kewarki,
Alcide

21 ga Mayu, 2021

Verna,

Ina fata kuna lafiya. Ni ma da rai.

Ba guguwa ba ce wannan karon, ruwan sama ne kawai, da rana tsaka ran Litinin. Magudanun gari har yanzu cike suke da tarkacen bara, ruwan bai sami hanya ba sai ta cikin gidaje. Ina tsaye a kicin ina kallo ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin la'asar ya kai min gwiwa. Sabon katakon ya kumbura ya tashi, fentinki ya sha laka.

Na goya Baba Cleophas na kai shi kwalekwalen wasu mutane da suka zo ceto. Bai fi nauyin buhun shinkafa ba. Ina ta jiran ya yi min tsiya kamar yadda ya saba. Da aka zaunar da shi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Alcide, na gaji." Jiya ɗansa ya zo ya tafi da shi Baton Rouge.

Kada ki haɗa kaya tukuna. Zan sake rubutawa.

Alcide

8 ga Agusta, 2021

Zuwa ga abokiyar zamana Verna,

Ina gaishe ki gaisuwa ta ƙauna, ina fata wannan takarda ta same ki cikin sauƙi. Ina gaida Odette da maigidanta da yara baki ɗaya.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce ko a tanti ne za ki zauna, muddin a garinku ne, kusa da kabarin mahaifiyarki. Na san da gaske kike. Shi ya sa na daɗe ban amsa ba.

Baba Cleophas ya rasu a watan Yuli, a gidan ɗansa. An kawo shi nan aka binne. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana rera waƙa a cocinmu, mu tara ne a bakin kabarinsa, har da Fadan cocin. Na ce wa Odette ta ɓoye miki har in faɗa miki da kaina.

Ana cewa gari yana farfaɗowa, kuma ba ƙarya ba ne duka. Bakin tafki an gyara, an sa fitilu, manyan shagunan babban titi sun buɗe, har kiɗa aka yi ran Asabar. Na je na tsaya. Ban ga fuska ɗaya daga unguwarmu ba. Garin da ake ginawa yana da kyau, Verna, amma bai iso layinmu ba, kuma ban ga alamar yana tahowa ba.

Makon jiya na sake ɓamɓare bangon ɗakinmu don in fara a karo na uku. Na tarar fumfuna ta yi baƙi ƙirin, ta shige cikin ginshiƙan gidan kansu. Wannan ba aikin fenti ba ne, sai an rushe. Shekarata sittin da shida. Na zauna a ƙasa da guduma a hannu na kasa ɗaga ta. Ni da ba ni da asma, yau wata biyu ina tari. Ga damina ta sake kamawa, kullum ana ambaton sabuwar guguwa a teku.

Don haka ga maganar da nake ta gudu: kada ki dawo. Ba zan kawo ki gidan da zai kashe ki ba. Shekara guda ina yi miki alkawari ina saɓawa, ba zan ƙara wani ba. In kin yi fushi da ni, kina da gaskiya.

Jiya na je na share kabarin mahaifiyarki, na sa furanni, na gaya mata za mu yi nisa. Ran Lahadi mai zuwa bayan coci zan kulle gida in kamo hanya. Ki tambayar min mijin Odette ko akwai wani lungu a garejinsa da zan ajiye akwatin kayan aikina.

Kada ki aiko da amsa nan. Mai kawo wasiƙu ya ce min yanzu ni kaɗai na rage masa a layin, na ce daga Litinin ya huta.

Ni ne mijinki har kullum,
Alcide Fuselier