Kwastoman La'asar

Litinin, 3 ga Maris

Nas ɗin asibitin unguwa ce ta ce in riƙa rubuta abin da Baba yake yi kullum da lokacin da yake yi. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, malaminmu ma bai yi kukan rabuwa ba. 'Yata ta leƙa littafin ta ce, "Abba, rubutunka kamar kaza ta taka baƙin mai ta bi ta kan takarda." Na ce ai ba jarrabawa ba ce.

To ga abin da yake yi. Baba, mahaifina, ya yi shekara arba'in yana ɗinki. Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi. Da safe lafiya lau. Da an yi la'asar sai ya sa hula, ya rataya tef a wuya, ya nufi ƙofa. Wai shago zai tafi, kwastomomi na jira. Shagon nan shekara tara da rufewa, masu sayar da waya ne ma a ciki yanzu.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya fita. Awa biyu muna nema, a bakin babban titi aka same shi da takalmi ƙafa ɗaya.

Yaya ya zo da kwaɗo sabo fil ya ajiye a kan tebur. Ya ce daga la'asar a riƙa kulle shi a ɗaki, kafin mota ta kwashe mana shi. Matata, wadda nake kira Manaja don ita ke juya gidan har da ni, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, a ba ni zuwa ƙarshen wata. In ya sake ɓata, da hannuna zan sa."

A raina Yaya ne da gaskiya. Ban faɗa ba don ina son a ba ni abinci.

Asabar, 8 ga Maris

Na tare shi a ƙofa na ce, "Baba, an rufe shago tun tuni." Ya ce wa ya rufe? Ina kekensa? Ya zauna a ƙasa yana hawaye, kamar yau aka yi. Sannan ya dube ni ya ce, "Bawan Allah, kai wane ne?"

Wata huɗu ke nan ni bawan Allah ne. A gareji, inda nake kanikanci, ina mai da abin wasa, ina cewa aƙalla ya manta duk ɓarnar da na yi masa. A nan ba sai na yi wasa ba.

Talata, 11 ga Maris

Manaja ta ja ni zaman da Nas take yi da iyalai masu jinyar irin wannan ciwo. Mu tara a kan benci. Wata mata ta ce mijinta tsohon direba ne, tun da ta ba shi tsofaffin makullai yake riƙewa ya daina neman fita. Nas ta ce kada mu yi musu da su. Ta ce mu gano abin da suke fita nema, mu kawo musu cikin gida.

Na ce to ni sai in ɗauko shago a ka. Aka yi dariya, ban da Manaja. Tambaya bakwai ta yi, na ƙirga. Da za mu fito Nas ta riƙe hannunta ta ce, "Ke kuma yaushe kike hutawa?" Sai Nas ta juyo ta kalle ni. Na duba takalmina, ban taɓa lura yana da kyau haka ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta fito da keken ɗinkin Baba daga sito. Ni na wanke shi na sa mai na gyara bel, a rubuta wannan, na yi wani abu. Ta kafa shi a baranda da almakashi da alli da kwandon zare.

Ƙarfe huɗu Baba ya sa hula. Sai ga Manaja ta zaga ta waje ta buga ƙofar gidanta da kanta, da rigar filo a hannu: "Salamu alaikum, tela yana nan kuwa?" Baba ya tsaya cak. Ya ce, "Yana nan, 'yar nan, shigo." Bai tashi daga kan keke ba sai magariba. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓalli, ƙafarsa ba ta manta feda ba.

Ta ce gobe ni ne kwastoma. Na ce a'a. Ba zan yi wa ubana sallama kamar baƙo ba. Ni ɗansa ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Bai je ƙofa ba. Kwana uku.

Laraba, 19 ga Maris

Kayan gyara sun ƙare a gidan. Sai Manaja ta ɗauko dabara: da safe ta zauna da reza ta warware abin da ya ɗinka jiya, da la'asar ta sake kawo masa. Bayan ta yi masa wanka, ta ba shi magani, ta sallami yara. Ni a lokacin ina gareji ina ba mutane labarin wahalar jinya.

Alhamis, 20 ga Maris

Dabara ta fashe. Ya ɗaga rigar filon ga haske, ya ga ramukan allura. Ya ce, "Wannan ɗinkina ne. Wa ya farke? Shekara arba'in ba a taɓa dawo mini da aiki ba!" Ya jefar, ya yi waje a fusace. Manaja ba ta tare shi ba. Ta ɗauki mayafi ta bi shi gefe da gefe, suka zaga layi sau biyu tana ba shi haƙuri a madadin kwastoma, ta dawo da shi.

Bai san sunana ba, amma ya san sawun allurarsa. Na rasa ko in yi alfahari ko in yi kishi da rigar filo.

Yaya ya ji. Ya ce saura kwana goma sha ɗaya.

Asabar, 22 ga Maris

Manaja ta ce yagewar gaske ake buƙata, ba a yi wa tela ƙarya da zare. Tana faɗa tana kallon wandon aikina, wanda gwiwarsa ta daɗe da buɗe taga. Na fara kawo hujja. Ta ce, "Baban yara, ko ka shiga da wando, ko Yaya ya shiga da kwaɗo. Zaɓi."

Litinin, 24 ga Maris

Na buga ƙofar gidana. Na yi sallama, na miƙa wa Baba wandon.

Ya juya wandon ya yi tsaki. "Da kare kuka yi faɗa?" Na ce kanikanci nake yi. Ya sa na miƙe, ya auna ni da tef, abin da maho ba ya buƙata. Yana yanka ƙyalle ya ce, "Ina da ɗa bakanike. Tsayinku ɗaya. Ya gudu daga makaranta, ga surutu kamar rediyo." Na ce Allah ya shirye shi. Ya ce, "Amin. Amma in ya taɓa inji sai ya tashi. Hannuna ya ɗauko." Ya rage murya: "In ka gan shi kada ka gaya masa, kansa zai kumbura."

Na ce ba zan gaya masa ba.

Na je bayan gida na daɗe ina wanke fuska. Baƙin mai ne ya shiga mini ido.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ba da labari a gareji, sai ga buhu. Mai faci, mai walda, har mai fenti, kowa ya kawo yagaggensa. Ashe mu tarin tsummoki ne masu yawo. Ni nake kaiwa ɗaya bayan ɗaya. Manaja ta yi barcin la'asar yau, na farko a bana. Na hana yara ko tari.

Litinin, 31 ga Maris

Yaya ya zo ƙarfe huɗu don ya gani da idonsa. Baba ya kalle shi ya ce, "Malam, aljihunka ya zazzage, tuɓe." Yaya, mai gemu da furfura, ya zauna da singileti a baranda rabin awa. Da zai tafi ya ce wa Manaja, "Allah ya biya ki." Kwaɗon yana kan tebur, bai kalle shi ba. Na sa wa akwatin sifanuna, dama ana ɗauke mini lamba goma.

Buhun ya ƙare jiya. Yau kuma wata ƙusa a ƙofar gareji ta kama mini wando, ta yaga shi har cinya. Sau uku na bi ta kusa da ita kafin ta kama. Na rufe aiki uku da rabi, kada in makara.

Laifin ƙusar ne.