Kakan da Ke Cikin Talla

Sailuba, an ba ni hotona! Kai, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki, ya amaryata Muhibba?

Kin tuna kamfanin aika kuɗin da ya sa fuskata a tallarsa bai tambaye ni ba? Mu da aka yi wa haka mun haɗu mun kai ƙara, an yi sulhu: za su biya diyya, su janye tallar. Kowa na murna, ni gabana ya faɗi. In na kira ku ta bidiyo jikar nan tawa guduwa take yi, mai dariyar cikin talla take kira Kaka. Sai na roƙi babban hoton da suka kafa bakin titi, suka ba ni!

Yana ɗakina a unguwar Sulay, nan Riyad, tsayinmu ɗaya. Lafiyata ƙalau, ɗakin ne dai shiru, gara yanzu da nake da abokin cin abinci.

In kun zo Umara ku biyo ta Riyad dukkanku ku gani. Ki tsayar da Muhibba tsakanina da hoton, ko ta gane mutum ɗaya ne.

Babanki,
Maiwada