Tsintsiya Uku a Bayan Akwati

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina roƙon ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ni ce 'yar farinki. Tun tasowata ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke wagga", ni ma ban taɓa zama gabanki na yi doguwar magana ba. Ga shi yau na ɗauki biro, har zan sa takardar inda mutane za su gani, don ban san inda zan aika ta ba. Maganar ƙanwata Hafsa ce ta kawo ni, da maganar ɗakinmu.

Inna, wata bakwai ke nan da rasuwarki. Da za ki leƙa ɗakin nan makon jiya, da ba ki shiga ba. Ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin gado, ledar awara, kwanon tuwon da ya bushe, kayan makarantar Hafsa a ƙasa. Ɓeraye sun cinye rabin littafina na lissafi. Ni ke girki, ni ke wanke-wanke da sharar tsakar gida, ga jarrabawar ƙarshe a gabana. Ɗakin kaɗai na bar mata, kamar yadda kika raba mana aiki, amma ko kallon tsintsiya ba ta yi.

Ranar Asabar na kakkaɓe takalmina, kunama ta faɗo. Ihun da na yi ne ya sa Baba ya ɗaga labulenmu, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya dubi ɗakin, ya dube ni, bai ko dubi Hafsa ba. Ya ce, "Ashe ba ki iya riƙon ƙanwarki." A tsaye a nan ya kira ƙanwarsa, Gwaggo Hajara, a Kebbe. Gobe Juma'a za ta zo. Ya ce in ta iske ɗakin haka, da Hafsa za ta koma, ta riƙe ta can.

Gwaggo ba muguwa ba ce, kin sani. Amma Hafsa shekararta sha uku, kuma ba ta taɓa kwana wani ɗaki ba tare da ni ba. Ni ma haka.

Na gwada duk abin da na sani. Na rubuta jadawalin shara na manna a bango irin na ajinmu, ta wuce shi kamar ba ta iya karatu ba. Na yi mata alkawarin sabon hijabina. Na ce to ni zan share, sai in nemi tsintsiyar laushi in rasa. Har uku suka ɓace a gidan nan. Ranar Talata na mare ta, Inna. Ban taɓa ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana kallona, ni ce na fita bayan ɗaki na yi kukan.

Jiya da la'asar na ce ko da hannu ne sai na kwashe sharar. Na jawo akwatinki daga jikin bango, sai ga tsintsiyoyin nan uku a jere a bayansa. Na ɗauki ɗaya. Hafsa ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce, "Yaya, don Allah ki bari Baba ya dawo tukuna."

A nan ta gaya mini.

Kin tuna safiyar da aka tafi da ke asibiti Sakkwato? Ko a cikin ciwon sai da kika yi mata faɗan ɗaki. Ni na bi ku har bakin titi. Ita kuwa, motar na tashi ta ɗauki tsintsiya, don ki dawo ki iske ɗaki fes. Tana cikin shara tsohuwar maƙwabciyarmu, Iya Ige, ta shigo, ta riƙe baki ta ce, "Subhanallahi! Wa ka shara bayan matafiyi? So kike kada ta dawo?"

Kwana uku bayan nan aka dawo da ke a rufe.

Wata bakwai yarinyar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Baba kuma kullum da safe sai ya hau babur zuwa wurin aikinsa a Dogon Daji, ba ya dawowa sai gab da magariba, lokacin da ba a shara. A wurinta kullum akwai matafiyi a gidanmu. Ni ina kiranta ƙazama, ita tana tsaron Baba.

Na ce mata camfi ne, ajali na Allah ne, haka Malama ta koya mana a Islamiyya. Ta ce ta sani, ita ma ta ji, amma ba ta sake hannuna ba.

Yanzu ga laifina, Inna, shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Washegarin tafiyarki kin kira a wayar da Baba ya bar mini. Na gaya miki Hafsa ta share ɗaki ba wanda ya sa ta. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, kika ce, "A ce mata Allah shi yi mata albarka. Amma ta ɗaga tabarma kuwa?" Tambayarki ta kullum, duk wanda ya yi shara. Hafsa tana Islamiyya lokacin. Na ce zan gaya mata. Tuwo na kan wuta, na manta, daga baya kuma gida ya cika da masu gaisuwa. Ban tuna ba sai jiya, da hannunta a kan nawa.

Na faɗa mata yadda kika faɗa, har da dariyar. Ta sa na rantse. Ta sa na maimaita. Sannan ta ce, "Ban ɗaga ba."

Yau da safe Baba ya tayar da babur ya fita. Ƙararsa ba ta gama ɓacewa ba na ga Hafsa tsaye tsakiyar ɗaki da tsintsiya. Ta daɗe a tsaye. Na yi kamar ina neman safa. Can ta sunkuya ta ɗaga tabarmar. Ƙurar da ta tashi sai da muka yi ta atishawa mu biyu. Mun makara zuwa makaranta, aka sa mu sharar gaban ofishin shugaba, Hafsa ta dube ni ta kusa yin dariya. Da muka taso ta ce in kira Baba ta ji muryarsa. Na kira. Yana lafiya, har ya yi faɗa wai muna cinye masa caji.

Ƙarƙashin gado bai ƙare ba, ga kayan wanki tuli, Gwaggo kuma motar farko take shiga. Ban sani ba ko abin da muka yi zai ishe ta. In Baba ya dawo zan durƙusa in gaya masa duka.

Ki yafe mini saƙonki da na riƙe, ki yafe mini marin. Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya bar mini Hafsa kusa da ni.

In ban yi rashin kunya ba, ina neman izininki in ƙara rubuto miki sau ɗaya, in gaya miki ko mu biyu muka kwana a ɗakin ranar Juma'a.

'Yarki,
wadda kike ce wa "ke wagga",
Tambuwal.