Geron da Na Aika Bagwai

Ɗanbatta, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanwata Maimunat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu ma nan ƙalau, ruwa ya sauka, kowa yana gona. Na zaɓi rubutu ne don in na ɗauko maganar nan a waya muryata rawa take yi.

Kin san Tahira, autata, ta sauka a Bagwai, an sami mace. Da yake haihuwa ta biyu ce ba ta zo gida wanka ba, sai na ce bari in aika mata geron kunun kanwa. Na shiga ɗaki na tarar da wani ɗan buhu a bayan ƙofa, gero manya-manya, na ce wannan ya dace da mai jego. Na ɗiba na ba direban da ke zuwa can. Ga mura ta toshe mini hanci, ga tabaran da kika aiko yana ƙasan akwati, don na ce ban tsufa ba.

A daren aka yi ruwan shuka. Da safe maigidana Malam ya shigo ɗaukar irin shukarsa, ya ɗaga buhun ya ji ya ragu. Ya dube ni ya ce, "Indo, a nan kika ɗibar wa yarinyar nan? Na cuɗe shi da maganin ƙwari."

Maimunat, kin ji fa! Wai hadari ya gani ya shigo da buhun daga zaure, bai kuma ga dalilin gaya wa kowa ba, kin dai san halinsa. Na kira Tahira, a kashe. Na kira mijinta Munir, ba ta shiga. Na fizgi mayafi na yi tasha, Malam yana bina a baya. Mota ta tsaya jiran cika, na roƙi direba har da hawaye, ya ce saura mutum biyu. Ban taɓa tsanar kujerar da ba kowa ba sai ran nan.

Da na shiga gidan, abin da na fara gani kaji ne a mace a gindin turmi, inda suka ci dusar. Ashe har an surfa shi. Uwar mijin tana tsaye tana mamakin wace irin annoba ce wannan. Na kasa yi mata sallama, tambayata kawai ita ce ko an dama.

Ta nuna mini bokiti a rufe. Wai tun da sassafe aka kai niƙa, injin Tasi'u ya tsinke bel, aka dawo da shi. Tasi'un nan kuwa, zuwana na bara sai da na wanke shi tas a gaban jama'a, na ce injinsa ya fi kwana a lalace.

Na zauna a ƙasa na yi ta kuka. Tahira ta fito da jaririya a kafaɗa, ta tsaya tana kallona, ta ce, "Inna, ina takalminki ɗaya?"

Mun haƙa rami mun binne geron da kajin. Ni da Malam har yau kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa, amma tabarau dai yana fuskata.

Ki gaishe da Alhaji Fa'izu, da Ihsan da Zakiyyu. In kin tashi aiko tsarabar sallah, ki sa da yadin shadda mai kyau. Ba na Malam ba ne, na Tasi'u ne, kuma da ƙafata zan kai masa.

Taki yayarki,
Indo.