Gam a Cikin Saƙon Inna

Ƙanwata Zulai'atu,

Gaisuwa daga Fatakwal. Ya jikin Inna, ya cikar ruwa a Wara? Ni lafiya lau, idona na hagu ma ya fara buɗewa.

Ranar Juma'a na laluba maganin ido, na ɗiga gam. 'Yan robobin girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya, wanda ya ƙera su bai tuna da mai ciwon ido ba. Na kasa zama, don saƙon da na aiko akwai maganin idon Inna, akwai gam ɗin mijinki. Na yi ta kira, layi ba ya shiga.

Ajiye takardar nan, je ki raba su yanzu. Kin san Inna da hannu take gani.

Allah ya tsare mana ita.
Yayanki, Abdulrahman