Ankon da Baba Ya Mayar

Akurba, Lafiya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar, ya Gwaggo Jumai, ya aikin doya? Na rubuto ne tunda kunnenka da waya ba sa shiri, in na kira sai ka yi ta "wa ke magana?" har in gaji.

Ka dai ji labari, Baban Yusra ya ci kujerar majalisar jiha. Su huɗu suka tsaya, kowa ya ja nasa, shi ya ɗan fi sauran. An ce cikin mutum uku ɗaya ne ya dangwala masa, amma doka ta ce wanda ya fi yawa shi ne, to alhamdu lillahi. Abin dariya, Baba, tun da aka faɗi sakamako gidan nan bai huta da 'yan murna ba, kuma kowa rantsuwa yake mu ya zaɓa. Da duk masu shan kunun gidan nan gaskiya suka faɗa, da sauran ukun ko ƙuri'ar matansu ba su samu ba.

Kai kaɗai ne ba ka zo ba, kuma abin yana damuna. Za a yi walima bayan rantsarwa. Kwamitin kamfe ya fitar da anko mai hotonsa, sun ce sai mai anko zai shiga rumfa, don a gane namu. Ga yadinka nan. Ko manyan baƙi ba su zo ba ban damu ba, kai nake so in gani a kujerar gaba.

'Yarka,
Asama'u

Shabu

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, doya ta yi kyau bana. Allah ya taya mijinki riƙo.

Na ga yadi, mai kyau ne, hoton ma ya fi mai shi kyau. Ga shi na mayar. Ni Malam Akaa na zaɓa, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Shi ya koyar da ƙannenki a firamare, na san hannunsa. Salihu surukina ne, ina ƙaunarsa, ina yi masa addu'a. Amma ba zan ɗora fuskarsa a ƙirji in yi ƙarya da tufa ba.

Ki duba maganar da kika rubuta da hannunki. In ɗaya cikin uku ne nasa, biyu suna waje ke nan. Gwaggonki Jumai tana cikinsu, da rabin masu sayar miki da kayan miya. Su ma shi ne wakilinsu yanzu, sun so ko ba su so ba. In dai za a tsaya a bakin rumfa ana duba riga, to wurina yana waje tare da su.

Kada ki yi fushi. Ki shafa mini kan Yusra.

Mahaifinki,
Ari

Akurba, Lafiya

Baba,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Ka ce kada in yi fushi, to na yi, har da kuka. Kwana biyu ina ganin yadin nan a kan kujera ina hararsa. Daga baya na miƙa wa Baban Yusra takardarka. Ya karanta, sai ya kwashe da dariya ya ce, "A duk garin nan Baba ne kaɗai ya faɗa mini wanda ya zaɓa na yarda."

Da ya ce a buɗe rumfa ga kowa, shugaban kwamiti Sharhabilu ya yi tsalle. Ya ce mini, "Haba Madam! Mutum bai ba ka ƙuri'a ba, kuma ya zo ya ci shinkafa naka? Wannan ba siyasa ba ne o!" Na ce masa kamfe nasa ne, amma tukunya tawa ce, kuma ubana yana cikin mutanen da yake faɗa. Dole ya haƙura.

Baban Yusra ya bi gidajen sauran ukun da ƙafarsa. Malam Akaa ya ce zai zo. Oliver ya ce shi kotu zai je, amma a ajiye masa kujera. Na ukun bai fito ba, mun bar masa sallahu.

Mai son anko ya sa abinsa, ba mai duba kowa. Don Allah ka zo da rigarka, ka taho mini da Gwaggo.

'Yarka mai jiranka,
Asama'u

Shabu

Uwata,

Bayan gaisuwa, mun iso gida lafiya. Na ci, na ƙoshi. Da na gan ki kina zuba wa Malam Akaa abinci da hannunki, sai da idona ya kawo ruwa. Allah ya yi miki albarka.

Ki faɗa wa mijinki ƙuri'ata tana nan a ajiye. Yana da shekara huɗu a kan kujera, ya zo ya nema.

Mahaifinki,
Ari